Shin jelifish ta teku za ta iya hawowa har dam ɗinmu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan masunta ne daga Daura, ko da yake yanzu koyarwa nake yi a makarantar sakandare. Mahaifina da ƙannena har yau da kamun kifi suke riƙe da gida, a dam ɗin Sabke da na Daberam. Kwanan baya wani ƙanena ya nuna mana bidiyo a waya, na wata halitta mai kama da leda cike da ruwa, ana ce mata jelifish, wai ta baro teku ta cika bakin koguna a ƙasashen Turai har masunta sun rasa kifi. Tun daga ranar tsoho bai daina tambayata ba. Shin gaskiya ne? Me ke kawo ta? Kuma za ta iya biyo ruwa ta iso wurinmu?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa albarka a sana'a. Tambayoyinka uku ne, kuma na ga ta ƙarshe ce ta fi damun gida, saboda haka da ita zan fara: jelifish irin ta teku ba za ta iso Sabke ko Daberam ba, ka gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Labarin shigarta bakin koguna kuwa gaskiya ne, ya faru a wurare da yawa kuma an rubuta shi dalla-dalla. Tambaya ta tsakiya, wato me ke kawo ta, ita ce zan fi daɗewa a kai, domin kusan duk dalilan da suka buɗe mata ƙofa a can muna da su a ruwayenmu na jihar Katsina, baƙon da suke jawo mana ne kawai ya bambanta.

Wace irin halitta ce

Sunan da Turawa suka ba ta yana ɗauke da kalmar kifi, amma ba ta da dangantaka da kifi ko kaɗan. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, ba ta da zuciya ko ƙwaƙwalwa, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Siffarta kamar buɗaɗɗiyar laima ce, da zare-zare masu reto a ƙasa, a jikin zaren nan kuma akwai dubban ƙananan ƙwayoyi masu harbi da dafi, waɗanda da su take kama abincinta. Danginta sun fi shekara miliyan 500 a cikin teku, tun kafin a sami kifi irin wanda muka sani.

Karo na farko da na taɓa ta da hannuna a Legas ne, cikin watan Fabrairu, lokacin da muka yi wasu makonni muna auna gishirin ruwa a babban tafkin nan da ke haɗe da teku. Da sassafe mai kwalekwalen da ke kai mu ya jefa birgi, ya jawo shi da ƙyar, ni kuwa na ɗauka Allah ya kashe ya ba mu. Da ya zazzage sai ga kifaye ƙanana guda huɗu, sauran duk wani abu ne mai santsi kamar kamu da aka dama ya daskare. Na kai hannu cikin rashin sani, zaren ya taɓa mini tsintsiyar hannu, na yini ina susa kamar wanda aka shafa wa karara. Ɗaya daga cikinsu na bari a kan katakon kwalekwalen don in ga abin da zai faru. Kafin azahar rana ta shanye ta, babu abin da ya rage sai wani ɗan tabo mai ƙyalli, ga gishiri a gefensa.

Akwai wani abu a rayuwarta da ba ya fitowa a bidiyo, kuma wanda bai san shi ba ba zai gane yadda take cika wuri dare ɗaya ba. Laimar da ake gani tana yawo mataki ɗaya ne kawai. Idan ƙwanta ya ƙyanƙyashe, ɗan abin da ya fito yakan nemi wuri mai tauri ya manne, ko dutse, ko ƙafar gada, ko ƙasan jirgi, ko ma tarkacen roba, ya zama wani ɗan tsiro da bai fi ƙwayar gero ba. Wannan tsiron yana iya zama shekaru yana yaɗo ba tare da kowa ya lura ba. Ranar da zafin ruwa da abinci suka yi masa daidai, sai jikinsa ya rarrabu hawa-hawa kamar jeren kwanuka a ɗakin amarya, kowane kwano ya ɓalle ya zama jelifish mai zaman kanta. Idan miliyoyin tsirrai suka yi haka a mako guda, masunci yakan wayi gari ya ga ruwa ya cika, ya ɗauka daga nesa suka zo, alhali sun daɗe a ƙarƙashin ƙafarsa.

Gishiri ne shingen

Litar ruwan teku ɗaya tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Ruwan kogi da na dam, wanda muke kira ruwan daɗi, bai kai rabin giram ɗaya ba. Jikin jelifish ta teku gishirinsa daidai yake da na tekun, kuma ba ta da ƙoda ko fata mai kauri da za ta tsare ta idan ruwan waje ya canza. Ka lura da yadda kauɗar tumatir ke kumbura idan uwargida ta jiƙa ta. Haka ruwan daɗi ke kutsawa cikin jikin wannan halitta, ƙwayoyin jikinta su kumbura su fashe, ta mutu. Katsina kuwa tana da nisan fiye da kilomita 800 daga teku a miƙe, hanyar ruwa ta ninka haka, ga madatsun Jebba da Kainji a tsakani, kuma duk tafiyar hawa ce a gaban ruwa mai gudu, ga halittar da ko a teku igiyar ruwa ce ke kai ta inda ta ga dama.

To, ina take shiga ke nan? Tana shiga mahaɗar kogi da teku, inda ruwa biyu ke cakuɗuwa su ba da ruwan zartsi, irin ɗanɗanon wasu rijiyoyinmu da sabulu ba ya kumfa a cikinsu. Ruwan gishiri ya fi nauyi, saboda haka yakan sulale ta ƙarƙashin ruwan kogi ya yi sama. Da damina kogi yana da ƙarfi, sai ya tura shi baya. Da rani kuma gishirin ya sake hawowa. Abin da muka auna a Legas ke nan: wurin da muka sami jelifish a Fabrairu, idan ruwan sama ya kankama gishirinsa yakan sauka har ya kusa zama ruwan daɗi, su kuma su ɓace. A kogin Senegal, kafin a gina madatsar Diyama a 1986, ruwan teku yakan hau kusan kilomita 200 cikin ƙasa da rani. Wannan iyaka mai kai da komo ita ce iyakar jelifish, kuma duk abin da ya rage ƙarfin kogi ya matsar mata da iyakar gaba.

Abin da ke buɗe mata ƙofa

Na farko shi ne jiragen ruwa. Babban jirgin dakon kaya idan ya sauke kayansa yakan ɗebi ruwa mai yawa a cikinsa don ya daidaita nauyi, ya je wata nahiya ya zubar, tare da duk abin da ke cikin ruwan. Ta wannan hanya wata 'yar'uwar jelifish, wadda masana ke kira Mnemiopsis, ta taso daga gaɓar Amurka ta gabas ta shiga Baƙin Teku a farkon shekarun 1980. Ita ba ta harbi, amma ci gare ta kamar gara. Ta tarar da tekun da aka riga aka gajiyar da yawan kamun kifi da dattin da manyan koguna ke kawowa, babu kuma mai cin ta. Zuwa 1989 ta cika ko'ina, kamun ƙananan kifayen da masuntan Turkiyya da na tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka dogara da su ya rushe. Sauƙi bai samu ba sai a 1997, da wata irinta mai suna Beroe, wadda ita Mnemiopsis ɗin ce abincinta, ta iso ta hanyar jirage ita ma. A 1999 kuma aka ga Mnemiopsis a Tekun Kasfiyan, labarin ya maimaita kansa. Abin mamaki, cinikin ya zama ba ni gishiri in ba ka manda: wasu ƙananan jelifish na ruwan zartsi daga yankin Baƙin Teku su ma sun bayyana a rassan kogunan da ke zuba a gaɓar San Faransisko ta Amurka.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne dacewa da tambayarka, shi ne tare ruwan kogi. Kogin Gwadiyana yana kan iyakar Fotugal da Sifaniya. A 2002 aka rufe ƙofofin babbar madatsar Alkeba a kansa, ruwan da ke isa teku ya ragu, ambaliyar da a da take wanke bakin kogin duk shekara ta yi rauni. A 2008 aka fara ganin wata baƙuwar jelifish mai suna Blackfordia a wurin, kuma masu binciken da suka bi lamarin sun ga cewa inda ta yi yawa, ƙwan kifi da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci sun ragu. Mai yiwuwa irin wannan wuri ƙanenka ya gani a waya. Misalin Masar ma ya kusa da haka. An buɗe mashigin Suwez a 1869, ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, amma ambaliyar kogin Nilu tana zuba ruwan daɗi kusa da bakin mashigin kowace shekara, ta zama wani shinge. Da aka gina babbar madatsar Aswan a kan Nilu, wadda aka kammala a 1970, shingen ya tafi, kamun kifin sardin a gaɓar Masar ya faɗi, halittun Bahar Maliya suka ƙara samun hanya. A ƙarshen shekarun 1970 wata ƙatuwar jelifish mai zafin harbi ta bayyana a gabashin Bahar Rum, yau kuma duk lokacin zafi takan zo ayari-ayari.

Na uku shi ne taki da ƙazanta. Takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, da ruwan kwatar birane, idan suka taru a bakin kogi sai ruwa ya yi kore da gansakuka. Gansakukar ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan. Kifi ba ya jure haka, ko ya gudu ko ya mutu, ita kuwa jelifish da ɗan kaɗan take wadatuwa. Ƙari a kan haka, yawancin kifaye da ido suke farauta, idan ruwa ya gurɓace sun makance, ita kuma da laluben zare take kamu, duhu da haske duk ɗaya ne a wurinta.

Sai yawan kamun kifi. A gaɓar Namibiya jiragen kamfanoni sun kwashe sardin a shekarun 1960 da 1970 har ya kusa ƙarewa, kuma wani bincike da aka wallafa a 2006 ya ƙiyasta cewa nauyin jelifish a wannan ruwa ya ninka na kifi fiye da sau uku. Ragowar dalilan a taƙaice: ɗumamar ruwa tana tsawaita lokacin haihuwarta, gine-ginen siminti da ƙarfe a bakin ruwa suna ba wa ɗan tsiron nan wurin mannewa, kunkurun teku da ke cin ta kuma yana raguwa, wani ya mutu a raga, wani ya haɗiyi leda yana zaton ita ce.

Yadda take sauya ruwa

Bakin kogi shi ne ɗakin haihuwar teku. Nan bonga da jatan lande da wasu kifaye masu yawa ke renon 'ya'yansu, domin abinci ya wadata kuma manyan mafarauta ba su cika shiga ba. Jelifish tana cutar da su ta fuska biyu a lokaci guda: tana cinye ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke rayuwa a kansu, tana kuma cin ƙwan kifin da 'ya'yan kansu. Idan kifi ya ragu, abinci ya ƙaru mata, ta ƙara yawa, ta ƙara cin ƙwai. Shi ya sa idan ruwa ya juya ya zama nata, ko an dakatar da kamun kifi ba nan da nan yake dawowa ba.

Ɓarnarta ba ta tsaya ga masunta ba. A Japan akwai wata iri da faɗinta ke kai mita 2, nauyinta kilo 200, wadda ke tasowa daga ruwayen da ke tsakanin Sin da Koriya. A 2009 nauyinta a cikin raga ya kifar da wani jirgin kamun kifi mai tan 10. A 2007 wani ayari ya kashe kifin kiwo kimanin 100,000 a Ayalan ta Arewa. Tashoshin lantarki da ke jan ruwan teku don sanyaya injuna su ma sun sha toshewa: an kashe wani injin nukiliya a Suwidin a 2013 saboda ita, haka kuma a arewacin Faransa a watan Agustan 2025.

A nan dole in ja linzami kaɗan, domin masu yaɗa bidiyo suna son su ce jelifish ta cinye tekunan duniya. A 2013 wasu masana sun tattara bayanan fiye da shekara 100 daga sassa daban-daban, suka ga yawanta yana hawa yana sauka ne a zagaye na kimanin shekara 20, tare da ɗan ƙari tun daga shekarun 1970. Abin da ya tabbata shi ne ƙaruwarta a wurare takamaimai, kuma kusan duk wuraren akwai hannun ɗan Adam a ciki. Ni kaina aikina na ruwan daɗi ne, zamana a bakin teku na makonni ne, saboda haka abin da na faɗa game da Turai da Asiya daga rubutun waɗanda suka yi aikin a can ne, abin da zan faɗa yanzu kuwa da idona na gani.

Mu nan gida

Ruwan dam ɗin Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma ta kogin Karaduwa yake bi ya faɗa Rima, na Jibiya ya ratsa ta Maraɗi ya dawo Rima, daga nan sai kogin Neja, sai teku. Kowane dam da muka gina a Arewa yana da dalilinsa mai kyau, mutane na buƙatar ruwan sha da noman rani, amma kowane ɗaya da ke kan rassan kogin Neja yana rage wani abu daga ƙarfin da kogi ke tura gishiri da shi a can ƙasa. Ta wannan fuska muna cikin labarin, ko da ba mu taɓa ganin teku ba. Bongar da ake kawowa kasuwannin Katsina da Daura a kyafe ita ma daga irin waɗannan ruwayen zartsi take fitowa.

Baƙon da ya fi kusa da mu tsiro ne. Bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ruwan fadamar Haɗeja da Nguru ya daina cika da janyewa yadda ya saba, kachalla ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta ci gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Madatsar Diyama da na ambata, wadda ta hana gishiri hawa kogin Senegal, ita ma kachalla ta biyo bayanta, tare da tsargiya. A Kudu kuma wata irin kainuwa mai fure ta shigo ta Badagiri a 1984, ta bazu har Kainji. Tsarin duk ɗaya ne da na jelifish: a canza tafiyar ruwa, a ƙara masa taki, a rage masu gidan, sai wanda ya fi juriya ya gaje wurin.

Rage masu gida kuwa muna yin sa da hannunmu. Wata rana da bazara, a bakin wani dam a kudancin jihar nan, na tarar da samari biyu suna jan gidan sauro a maimakon taru. Suka juye a faranti, 'ya'yan karfasa ne da kawara, babu wanda ya kai tsawon ɗan yatsa, ana sayarwa gwangwani-gwangwani. Na ƙirga abin da ke cikin gwangwani ɗaya ya haura ɗari. Wani dattijon masunci da ke gyaran kalli a gefe ya dube ni ya girgiza kai, bai ce komai ba. Abin da jelifish ke yi wa ƙwan kifi a Gwadiyana shi gidan sauron nan ke yi, har ya fi ta sauri.

Saura abu ɗaya da zai ba Baba mamaki. Akwai jelifish ta ruwan daɗi. Ɗaya asalinta kogin Yanzi ne na ƙasar Sin, an fara gano ta a 1880 a cikin wani kwamin furannin ruwa a Landan, yau kuma ta kai kowace nahiya ban da Antatika, domin ɗan tsironta yana bin ciyawar ruwa da irin kifin da ake ɗauka daga wuri zuwa wuri. Ɗayar 'yar Afirka ce, ana kiranta Limnocnida, an san ta a tafkin Tanganyika da na Biktoriya, an kuma same ta a kogin Neja da tafkin Chadi. Dukansu ƙanana ne, faɗinsu bai wuce murfin kwalbar lemo ba, harbinsu ba ya ratsa fatar mutum yadda na teku ke yi, kuma sukan bayyana kwanaki kaɗan a lokacin zafi idan ruwa ya kwanta, su ɓace shekaru. Idan wata rana aka ga irin wannan a Sabke, ba daga teku ta zo ba.

Abin da ake iya yi

Inda ta riga ta kafu, babu wanda ya taɓa kawar da ita. A Koriya da Japan an gwada daddatsa ta da raga mai wayoyin ƙarfe, amma muddin tsiron yana manne a ƙasa, baɗi za ta dawo. A Sin an daɗe ana sarrafa wasu ire-irenta da gishiri da alif ana ci, wannan ya zama sana'a amma bai maye gurbin kifi ba. Abin da ya fi amfani rigakafi ne. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta amince da yarjejeniya kan tace ruwan daidaita nauyi a 2004, ta fara aiki a 2017. A Fotugal kuma masu bincike sun ba da shawarar a riƙa sako ruwan dam da ƙarfi a lokutan da suka dace, don a kwaikwayi ambaliyar da ke wanke bakin kogin.

A wurinku shawarata ta fi wannan sauƙi. Ku zauna da Sarkin Ruwa a tsayar da girman idon raga, a hana gidan sauro da zuba magani a ruwa, a ɗaga wa kifi ƙafa a farkon damina lokacin da yake saka ƙwai. Masu noman rani a bakin dam su bar 'yar tazarar ciyawa tsakanin gona da ruwa, tana tare taki mai yawa. Duk wanda zai kawo irin tarwaɗa ko karfasa daga wata jiha kada ya juye ruwan jarkar a cikin dam, kuma raga ko kwalekwalen da ya yi aiki a wani ruwa a shanya shi ya bushe sarai kafin a saka shi a naku. Idan kuma ƙannenka suka ga wani abu mai kama da 'yar laima yana buɗewa yana rufewa a saman ruwa, su ɗebe shi da kofi tare da ruwansa, kada su sa hannu ko raga domin yana narkewa, su zuba a kwalba mai haske, su ɗauki hoto da murfin lemo a gefe don a gane girmansa, su rubuta rana da wurin, sannan a kai wa jami'in kula da kamun kifi na yankinku ko sashen nazarin halittu na jami'a mafi kusa a ranar, tun bai lalace ba.